Layi na Tamanin da Huɗu

Sha ɗayan dare a Viljandi,
ɗakin ƙasa na ofishin magajin gari.
Fankokin sabar na huci kamar masu barci,
shayina ya huce tun ɗazu,
a waje dusar ƙanƙara ta binne kekena har sirdi.

Abu ɗaya aka ce in duba:
wai rariyar saƙonni ta yi tsauri,
tana riƙe tsaki, tana riƙe gari.
Na buɗe fayil, na gangara.
Maki biyar ne iyaka.
Wanda ya haura, a mayar masa da kayansa
tare da 'yar takarda mai ladabi:
in kana ganin an zalunce ka,
rubuto wa mai gidan waya.

To, wane ne mai gidan wayar?
Layi na tamanin da huɗu ya amsa:
heino.

Heino Pärnoja.
Shekara uku ke nan da muka raka shi.
Shi ya hana ni taɓa komai ran Juma'a da yamma.
Kofinsa na nan kan kanta, da tsaga a baki.
Akwatinsa kuwa,
ba wanda ya rufe, ba wanda ya buɗe.

Na buɗe.
Dubu goma sha tara da 'yan kai.
Masu agogon bogi, masu maganin sanƙo,
masu taya ni murnar cacar da ban shiga ba.
Ina ta shara da yatsa guda
sai idona ya yi tuntuɓe.

Endel Sõrmus, Thunder Bay, Kanada.
Da manyan baƙaƙe ya rubuta, tun daga gaisuwa,
ya ba da haƙuri, wai idon ne ya gaji.
Uwarsa a nan take kwance, in ji shi,
yana ɗan shekara shida aka fita da shi cikin kwalekwale.
Lambar kabarin yake nema.
Zai turo kuɗi a wanke dutsen.
A taimaka da gaggawa,
likita ya riga ya ƙirga masa watanni.

Rasuwa, kuɗi, ƙasar waje, gaggawa, manyan baƙaƙe:
maki biyar da ɗigo biyu.
Rariya ba ta yi ƙarya ba,
haka ɓarayi ke magana.
Haka ma wanda lokacinsa ya ƙure.

Kuma ya bi umarni, bawan Allah.
Aka ce ya rubuto wa mai gidan waya, ya rubuto,
har sau huɗu.
Ta farko doguwa, da sunan unguwa da na majami'a.
Ta huɗu layi ɗaya ce:
AKWAI MUTUM A CAN?

Wata goma sha huɗu ke nan.

Baƙaƙe biyar zan goge,
amma sai da hannuna ya tsaya.
Ban sa sunana ni kaɗai ba,
ni ma wata rana kofina zai rage a kanta.
Na sa mu uku:
ni, da Ülle ta ofishin maƙabarta,
da duk wanda ke kwanan aiki a makon.
Na ƙara layi a ƙasa:
wannan ƙofa kada a tace ta.
Ƙofar koke ba a sa mata rariya,
ko da shara za ta shigo har gwiwa.

Na adana, na sake tayar da injin.
Na gwada daga wayata, da manyan baƙaƙe,
na ambaci gado, na ambaci miliyoyi.
Aljihuna ya girgiza. Ta shigo.

Sannan na ƙara girman rubutu na ce:
Malam Endel, akwai mutum.
Gobe da safe Ülle za ta buɗe littafin kaburbura.

Na danna.
In adireshi ya mutu, cikin minti guda yake dawo da saƙo.
Na zauna da rigar sanyi a jikina,
maɓallin ƙofa a hannu,
ina kallon agogon bango.
Minti ɗaya.
Biyu.
Bai dawo ba tukuna.